Mai buga takarda ya ƙi karɓar aikina, wai hotunan ba za su fita ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku ba ni shawara. Islamiyyarmu za ta yi walimar sauka, aka ɗora min haɗa ɗan littafin da za a raba wa baƙi. Girman A5 ne, shafi 22 har da bango. Akwai hotunan ɗalibai da sunayensu, da jawabin shugaban makaranta, da ayoyi biyu a shafin farko. Da CorelDRAW na yi. Na tura wa mai buga mana, ya ce ba zai taɓa shi a haka ba. Wai hotunan sun yi ƙanana, wai ban bar wurin yanka ba, wai kuma shafi 22 ba ya ɗinkuwa, sai dai 20 ko 24. Ni a kwamfutata komai tas yake. Gaskiya ya faɗa, ko hanyar ƙara kuɗi yake nema?

Abba Dizain:
Anti kada ki wahalar da kanki. Fitar da kowane shafi a JPEG, 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), ki tura masa. Ba font da zai sauya, ba abin da zai motsa. Haka nake yi kullum.

Malam Nasiru Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Duka ukun da ya faɗa gaskiya ne. Ki ma gode masa, da wani ne ya karɓe kuɗin ya buga miki a haka, ranar walima ki rasa inda za ki sa kanki.

Shafukan su ne masu sauƙi. Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya, takardar A4 ake ninkewa biyu ta ba da A5, don haka kowace takarda ɗaya shafi huɗu ce, biyu gaba biyu baya. Takarda biyar shafi 20, shida shafi 24. Naki 22 takarda biyar da rabi ke nan, rabin nan kuwa ba inda waya za ta riƙe shi. Ƙara biyu ya fi matsewa sauƙi. Tsarin yadda taron zai gudana shafi ɗaya, godiya ga iyaye shafi ɗaya, kin gama.

Hotunan su ne aikin. Ta ina suka zo miki?

Maman Ilham:
Iyayen yara ne suka turo ta WhatsApp, Malam. Wasu ma hoton fuskar waya suka ɗauka daga status suka turo.

Malam Nasiru Zariya:
To ga bakin zaren. In aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi, dogon gefensa ya dawo wajen fiksel (ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto) 1600, ko da wayar ta ɗauke shi da 4000. A fuskar waya ba za ki ga bambanci ba. A takarda za ki gani, domin bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci.

Ga lissafin da nake amfani da shi, ba sai kin haɗu da inci ba: raba yawan fiksel da 118, abin da ya fito shi ne santimitar da hoton zai kai bai lalace ba. 1600 a raba da 118 ya ba ki santimita 13 da rabi. Ke nan hoton ɗalibi ɗaya mai girman fasfo, santimita 4 da 5, ba shi da matsala ko ta WhatsApp ya zo, fiksel 472 da 591 kawai yake nema, matuƙar fuskar ce ta cika hoton. Matsala tana zuwa ta hanya biyu. Ɗaya, a turo miki yarinya tana tsaye can nesa a tsakar gida, ki yanko fuskarta kaɗai ki ja ta ta cika akwati. Abin da kika yanko wataƙila bai kai fiksel 200 ba. Biyu, hoton da ya cika shafi. A5 da rarar yanka yana son kusan 1819 da 2551.

Ki danna kowane hoto a Corel, ki dubi layin nan na can ƙasa, zai nuna miki dpi ɗinsa a girman da kika ja shi. Duk wanda ya haura 250 ki bar shi. Daga 200 zuwa 250 zai wuce in ba babba ba ne. Wanda ya gaza 150, ki kira uwar yaron ta sake turowa, amma ta tura shi a matsayin dokumen, ta wajen alamar maƙala fayil. Ta nan WhatsApp ba ya taɓa shi.

Abba Dizain:
Ko kuma ki canza dpi ɗin kawai ki mai da shi 300, akwai wurin yin haka a Corel da Photoshop.

Malam Nasiru Zariya:
Abba, lambar ce za ta canza. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, manhaja ba ta da inda za ta samo shi, sai dai ta cike giɓin da ƙiyasi. Hoton zai ƙara nauyi, dishi-dishinsa na nan.

Baba Mai Kord:
Salamu alaikum. Na ga an ce a mai da shafi JPEG a kawo. Yaro, wane inji kake kai wa aikinka?

Abba Dizain:
DI ne Baba, ranka ya daɗe.

Baba Mai Kord:
Shi ya sa. DI, injin nan na dijital, a zagaye ɗaya yake zuba kala ya miƙo maka, kwafi hamsin ko ɗari, yana rufa wa mutum asiri. Mu ofset filet huɗu muke yi, wato faranti ɗaya ga kowace kala, C (shuɗi) daban, M (ja) daban, Y (rawaya) daban, K (baƙi) daban. A Kord, injin ofset mai kai ɗaya, takarda sau huɗu take shiga inji. In ka mai da shafi hoto, baƙin rubutun nan naka ya daina zama baƙi zalla, ya rabu a kan filet huɗun. Takarda ta sha danshi ta ɗan miƙe, ko filet ya goce da kaurin gashi, sai ka ga kowane harafi da inuwar ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Mai karatu ya ɗauka idonsa ne. A zo a ce Baba ya ɓata aiki.

Ƙananan rubutu K 100, sauran ukun sifili. Ban da wata magana.

Hajiya, kwafi nawa za ku buga?

Maman Ilham:
Ɗari biyar ne Baba.

Baba Mai Kord:
To ki tambaye shi da bakinki wane inji zai sa wa, DI ko ofset, da irin takardar. Wannan tambayar tun kafin a buɗe kwamfuta ake yin ta.

Wurin yanka kuma. Ba ɗaya-ɗaya muke yanka ba, tari guda muke dannawa a ƙarƙashin wuƙa. Ba wuƙar da ke sauka daidai kan layi a kowace takarda, tana kaucewa da milimita ɗaya ciki ko waje. In kalar bangonki ta tsaya cak a bakin shafi, wasu kwafin za su fito da siririn farin zare a gefe. In mai yanka ya ce bari ya shiga ciki don ya kashe farin, ya ci lambar shafi ko ƙarshen suna. Kamar tela ne, yana barin rarar yadi a wajen ɗinki. Duk kala ko hoton da ya taɓa baki, ki ja shi ya fita waje da milimita 3. Rubutu kuma ya ja da baya daga baki, aƙalla milimita 5. Ni na fi son 8 a littafi.

Sannan ku masu son zagaye shafi da siririn layin ado kusa da baki, ku rage. In wuƙa ta kauce, layin nan ne zai fara tona mana asiri, gefe ɗaya faɗi gefe ɗaya siriri.

Zainab Kaduna:
Baba ya gama magana. Ƙarin bayani ga Maman Ilham: A5 milimita 148 da 210 ne. Ki bar girman shafin a haka, ki shiga saitin shafi ki sa rarar yanka 3, kalarki ta kai 154 da 216. Lokacin fitar da PDF akwai wurin da za ki ce ya haɗa da rarar da alamun yanka. Mutane da yawa suna jan kalar waje su manta wannan wurin, PDF ya fito a yanke, aikin banza.

Masu Canva ma akwai shi. Ku kunna nuna rarar bugu tun kuna aiki, wajen saukewa ku zaɓi PDF na bugu, ku danna akwatin alamun yanka.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Ni matsalata haruffan nan masu lanƙwasa. Na yi ma wata lakwal aiki, sunan yaro Ɗahiru, aka kai wajen bugawa ya fito da akwati a madadin harafin farko. Mi ke kawo wanga abu?

Malam Nasiru Zariya:
Malam Issoufou, font ɗin ne ba shi da harafin. Yawancin font na ado da ake saukewa kyauta an yi su ne don Turanci, ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ, balle ƴ da ku kuke rubutawa a Nijar inda mu muke sa 'y. A kwamfutarka wani lokaci manhaja takan aro harafin daga wani font ta cike maka gurbin ba ka sani ba, in ka lura za ka ga shi kaɗai ya fi sauran siranta ko ya ɗan fi su tsawo. A kwamfutar maɗaba'a ba a samu wanda za a aro ba, sai akwati.

Kafin ka zaɓi font, rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a layi ɗaya, ka gwada shi a miƙe, da mai kauri, da na karkace. Wani yana da su a miƙe, ba shi da su a mai kauri. Waɗanda ba sa ba ni kunya: Charis SIL, Gentium, Andika, da Noto Serif da Noto Sans. Duk kyauta ne. Andika don masu koyon karatu aka yi shi, ya dace da littafin yara.

Akwai kuma tsohuwar matsala. Kafin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya, ya bazu, da font irin su Rabi'at da Abdalla ake buga Hausa, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, kuma sun yi wa Hausa aiki ba kaɗan ba. Dabararsu ita ce an ɗora haruffan masu lanƙwasa a kan maɓallan baka da makamantansu. Shi ya sa in marubuci ya kawo maka tsohon fayil ka sauya font, sai ka ga baka ta tsaya a inda ƙ take. Maganinsa nema-da-sauyawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, manya daban ƙanana daban, kafin ka fara tsara shafi.

Abba Dizain:
Duk wannan dogon zancen Ctrl+A, Ctrl+Q ya kashe shi. Rubutu ya zama zane, ba ruwanka da font ɗin kowa.

Malam Nasiru Zariya:
A fosta da kati da bango, na yarda. A cikin littafi ban yarda ba. In ka mai da ƙananan rubutu zane, a injina da yawa yakan fito da ɗan kauri fiye da asalinsa, fayil ya yi nauyi, sannan in aka ga kuskure a sunan yaro ana gab da yin filet, ba mai iya gyarawa. PDF yana iya ɗauke font a cikinsa. Fitar da shi a PDF/X-1a, dokarsa ma ita ce dole font ya shiga ciki, kala kuma ta zama CMYK, wato kalolin tawada huɗun da Baba ya lissafa. An yi wannan tsarin ne don a daina irin wannan rigimar.

Zainab Kaduna:
Malam, a littafi haka yake, amma a kasuwa ba haka ake yi ba. Wurare nawa ne suke tura PDF kai tsaye zuwa injin filet? Yawancin inda nake kai aiki, yaron shagon zai jawo PDF ɗinka cikin Corel ya jera shi da hannu. Yana jawowa Corel zai tambaye shi, rubutu ko zane? In ya danna rubutu, kuma ba shi da font ɗinka, an gama da kai. Layuka su tsinke, ƙ ta ɓace. Ni na gwammace kaurin da ba wanda zai lura da shi da sunan ɗan mutane ya fito da akwati.

Malam Nasiru Zariya:
To ai sai a gaya masa ya danna zane.

Zainab Kaduna:
Kana Zariya, shi yana Kano, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ayyuka goma na jiransa ga kakar siyasa. Wa zai tuna?

Baba Mai Kord:
Ku duka kuna da gaskiya, kowa da irin gidan da yake kai aiki. A tambaya kawai: PDF ɗina kai tsaye za ku tura, ko sai kun buɗe a Corel? In kai tsaye ne, bi ta Malam Nasiru. In za su buɗe, bi ta Zainabu. In kuma fayil ɗin Corel ɗin suke so, tambayi wane suke da shi. Har gobe akwai masu X3 da X7, sabon fayil ba ya buɗuwa a tsohon Corel sai ka sauke shi zuwa nasu wajen ajiyewa.

Amma kafin ka danna Ctrl+Q ajiye kwafi da wani suna. Wanda ya mai da aikinsa zane ya ajiye a kan na asali, ranar da aka ce a gyara waƙafi ɗaya zai san ya yi.

Sadiq Gombe:
Ina sayar da data mai sauƙi, duk network, a tuntuɓe ni ta inbox.

Admin:
Malam Sadiq, ranar Juma'a ce ranar talla. A kiyaye.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Na duba, hotuna da dama suna ƙasa da 150. Wata 'yar uwa ta ce in sa su a manhajar nan ta waya mai gyara fuska, wai tana mai da tsohon hoto sabo. Ya kuka gani?

Abba Dizain:
Tana aiki sosai Anti. Hoton da ya mutu ma tana tayar da shi.

Zainab Kaduna:
Tana tayar da wani dai. Abin da take yi shi ne ta zana sabuwar fuska bisa ƙiyasi. Ido ya sauya, haƙora su jeru, fata ta yi sumul kamar ba ta mutum ba, wani lokaci har da haske da yaron bai da shi. A fostar ɗan siyasa ba mai damuwa, shi ma haka yake so. Amma wannan littafin uwa za ta buɗe ta nemi 'yarta. In za ki yi amfani da ita, ki sa na asali da wanda aka gyara gefe da gefe, in kamannin sun motsa ko kaɗan ki jefar.

Shawarata ma ta fi wannan sauƙi. Yaran nan kullum suna zuwa makaranta. Ki sami waya ɗaya mai kyamara mai kyau, ki tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango ɗaya, a inuwa, fuskarsu na kallon inda haske yake. Waya mai megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000, ya ishi A4 har da rara. Hotunan za su zo da haske iri ɗaya, kai girma ɗaya, shafin ya yi kyau tun ba ki yi masa ado ba. Kada ki ɗauka da tsakar rana a fili. Farin hijabi yana yaudarar kyamara, ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskar ta tafi duhu.

Baba Mai Kord:
Yauwa, zancen fuska. Wannan shi ne abin da ya fi haɗa mu faɗa da masu aiki. Fuskar kwamfuta fitila ce, haske take fesowa. Takarda ba ta da fitila. Ga shi ɗigon tawada in ya sauka yana ɗan bajewa, a takarda mai sheƙi kaɗan, a bon, takardar nan marar sheƙi mai shan tawada, da yawa. Duk hoto yana ƙara duhu a inji, kuma a tsaka-tsakin hoton abin ya fi yawa, daidai inda fatarmu take. Fuskar da ka gani daidai a kwamfuta, a bon sai ido da haƙori.

A buɗe tsakiyar hoton kafin a kawo. Ban ce a ƙara haske gaba ɗaya ba, in ka yi haka farin kaya ya wanke, ninkin hijabi ya ɓace. Layin lanƙwasa na gyaran haske za ka kama a tsakiya ka ɗaga kaɗan, har ka ga fuskar ta ɗan fi yadda kake so haske. Kuma ku rage hasken kwamfutocinku, yawancinku a ƙure kuke barinsa.

Malam Nasiru Zariya:
In ƙara a kan na Baba. Hoto daga waya RGB yake zuwa, wato kalar hasken fuskar waya da kwamfuta, inji CMYK yake bugawa, kuma akwai kalolin da tawada ba ta iya kaiwa: kore mai ƙyalli, shuɗi mai haske, ruwan lemo mai ƙuna. Gara ki mai da shi CMYK da kanki ki ga yadda zai dushe tun a gida. Ki gama duk gyaran haske yana RGB, juyawar ta zama ta ƙarshe. PNG ba ya ɗaukar CMYK sam, ki ajiye a TIFF ko JPEG mai cikakken inganci, kuma kada a yi ta buɗe JPEG ana sake ajiyewa, kowane zagaye yana rage shi.

Shuɗi yana da tarko. C 100 da M 100 a kwamfuta shuɗi ne, a takarda shunayya ne. Ki bar tazarar 30 tsakaninsu, kamar C 100 M 70. In kuma bangon baƙi ne mai faɗi, K 100 kaɗai yakan fito fari-fari, ana tallafa masa da sauran, misali C 40 M 30 Y 30 K 100. Amma kada a cika duka huɗun ɗari-ɗari.

Baba Mai Kord:
Wanda ya kawo min ɗari huɗu, takardarsa ba za ta bushe ba, bayan kowace ya kwashi tawadar ta ƙasanta. Jimillar kada ta wuce 300 a mai sheƙi, a bon ƙasa da haka. Fari kuma a kan baƙin nan mai kala huɗu, kada ya zama siririn rubutu ƙanana, cikewa zai yi.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Ni ba mai dizain ba ne, amma na ga an ce akwai ayoyi. Don Allah a kula da abu biyu. Na ga katunan da Larabcin ya fito a warwatse, haruffa ba su haɗu ba, ko ya juya daga hagu. Sannan wanda ake kwafowa daga intanet galibi riwayar Hafs ce. In makarantar da Warsh take karatu, akwai wuraren da za su bambanta. A ba malamin makarantar ya duba a takarda kafin a buga.

Malam Nasiru Zariya:
Gaskiya ne Ustaz. Warwatsewar daga tsofaffin manhajoji take, waɗanda ba su san rubutun dama zuwa hagu ba. Mai tsohon Corel ya rubuta ayar a Word, ya fitar da PDF, ya jawo ta a matsayin zane. A nan kam ina tare da Zainab, Larabci kullum zane nake mai da shi, domin wasali ɗaya in ya goce ma'ana ta tafi. Bayan an mai da shi a sake dubawa, a zuƙo shi sosai. Masu aikin ajami kuma, ƙungiyar SIL suna da font Alkalami, wanda aka yi bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan. Su ma kyauta.

Baba Mai Kord:
Ustaz ya tuna min. Kafin kala ta daidaita a ofset muna ɓata takardu da dama, kuma tarkacen maɗaba'a sau da yawa wajen masu ƙosai da masu gyaɗa yake ƙarewa. Hajiya ki ce a ware miki duk ɓatattun da ke ɗauke da aya, ki karɓa da hannunki tare da aikin.

Maman Ilham:
In sha Allahu Baba. Saura hoton da suka yi gaba ɗaya, su da malamai. Ina so ya ci shafi biyu.

Zainab Kaduna:
To ki kai shi shafi na 12 da 13. A littafi mai shafi 24 su ne tsakiya, takarda ɗaya ce ba a raba ta ba, hoton zai fito a haɗe. A ko'ina ban da nan, rabinsa na kan wata takarda rabinsa na kan wata, da wuya su haɗu daidai, sai ki ga kafaɗar malam ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ki lura kada fuskar kowa ta faɗo daidai kan ninki, nan waya za ta huda. In ba a riga an ɗauka ba, ki ce su bar 'yar tazara a tsakiya.

Wannan hoton kam dole na asali. Faɗinsa da rara milimita 302 ne, yana son fiksel wajen 3570. Na WhatsApp mai 1600 in kika ja shi nan zai sauko wajen 135 dpi, ga fuskoki ƙanana, ba wanda zai gane ɗansa. Wajen ja kuma ki kama kusurwa, kada ki kama gefe, in ba haka ba mutane su yi faɗi ko su yi tsawo.

Issoufou Maraɗi:
Jera shafukan fa? Ni da Publisher nike aiki, shi yana yi mini da kanshi.

Malam Nasiru Zariya:
In maɗaba'ar tana da manhajar jerawa, ba su shafuka ɗai-ɗai a jere daga 1 zuwa 24, su suka san girman takardar da za su sa. In sun ce ka jero bibbiyu, ƙa'idar ita ce kowane biyu da ke gefen juna jimillarsu ta zama yawan shafuka da ɗaya. A 24, jimilla 25: 24 da 1, 2 da 23, 22 da 3, har ka iso 12 da 13. Mai lambar mara kullum a dama. Ka ninke fararen takardu shida ka rubuta lambobin da biro, ka warware, za ka ga komai a gabanka.

Publisher kuma, Malam Issoufou, Microsoft sun sanar za su daina tallafa masa a Oktoban 2026. Ka fara fitar da tsofaffin ayyukanka a PDF. In kuɗin InDesign ya yi yawa, akwai Scribus, kyauta ne, yana yin CMYK da rarar yanka da PDF/X. Hannu yakan ɗan sha wuya a makon farko.

Abba Dizain:
Ni dai Corel ya ishe ni komai. Har littafi mai shafi 200 na taɓa gani an yi da shi.

Malam Nasiru Zariya:
Ana yi, amma a ce marubuci ya ƙara sakin layi biyu a babi na ɗaya, ka ga yadda za a kwana. A InDesign ko Scribus rubutun yana gangarawa da kansa, lambar shafi tana kan uwar shafi, salon kanun babi sau ɗaya za ka sauya ya sauya ko'ina. Ɗan littafin Hajiya mai shafi 24, Corel ya wadatar. Kuma in marubuci ya kawo hotuna a cikin Word, kada ka kwafo su daga nan, Word yana matse su zuwa 220 in ba a hana shi ba. Ka nemi na asali.

Abba Dizain:
To Malam tunda an zo nan, ƙashin bayan bango fa? Wani ya ba ni bangon littafi mai shafi 200, bon 80, ban san faɗin da zan bari ba.

Malam Nasiru Zariya:
Shafi 200 takarda 100 ce. Bon mai giram 80 kaurin kowace wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ke nan milimita 10, ka ƙara kusan ɗaya saboda gam da kaurin bangon. In A5 ne, faɗin aikinka 148 na baya, da 11, da 148 na gaba, da rarar 3 kowane gefe, 313 ke nan, tsawo 216. Amma bon 80 na wani kamfani ya fi na wani kauri, don haka ka sa su ƙirgo takarda 100 daga wadda za su yi aikin da ita, su danne, su auna maka. Rubutun ƙashin bayan ya bar milimita ɗaya da rabi kowane gefe, kuma in za ka iya, kalar baya da ta ƙashin ta zama ɗaya, don ko ninkin ya ɗan goce ba za a gani ba.

Baba Mai Kord:
In za a yi masa lamineshin mai sheƙi kala za ta ƙara zurfi, marar sheƙi kuma yana dusar da baƙi. Ka sa a buga ɗaya a DI a lulluɓe shi, mai littafin ya gani ya sa hannu a bayansa, sannan a yi filet.